Rumfar Da Aka Yaye Wa Tarwaɗa

Ko da tsufa zai kwashe min komai a ka, ba zan manta da shekarar da aka yaye wa kifinmu rumfa ba.

Ba a jima da komawar sojoji bariki ba, masaƙar da muke aiki a Kakuri ta fara tangal-tangal, aka sallame mu. Mu kaɗan muka haɗa kai, muka gina tankunan siminti a wani fili a Narayi, muka zuba ’ya’yan tarwaɗa. Tsohon fomanmu, mai kula da mu a masaƙa, muka naɗa shugaba, don ya fi kowa baki. Kula da kifin kuwa aka bar mana, ni da wani abokina mutumin Binuwai, wanda muka shekara da shekaru a kan inji ɗaya. Kifin nan shi ne tuwon gidajenmu, babu wani abu a bayansa.

Tarwaɗa ba ta son haske, balle ƙanana. A inuwa take sakin jiki ta ci abinci, ta yi baƙi sumul, ta yi nama. Shi ya sa muka kafa rumfar zana a kan tankunan, muka ƙara da tsofaffin buhuna. Mummuna ce, ban musa ba, amma a ƙarƙashinta kifin yana girma, har masu gashin kifi na Sabon Tasha sun fara leƙo mu.

Wata safiya sai ga shugaba yana washe baki. Wai sabon kansila zai kawo ziyara da masu kyamara, ya ga abin da korarrun ma’aikata suka yi da hannunsu, kuma ana sa ran tallafi.

“Wannan bukkar ta tafi yau,” in ji shi. “Honarabul ne zai sunkuya ya leƙa duhu?”

Na ce, “Oga, rana za ta lalata su. A bari sai ya iso mu ɗage ta.”

“Kai matsalarka ke nan, Malam, gardama. Yanzu dimokuraɗiyya ake yi. A ɗaga hannu.”

Aka ɗaga hannu, aka kayar da mu, ni da abokina. Mutanen da ba su taɓa watsa wa kifin abinci ba su ne suka yanke masa hukunci. Abin da ya fi ƙona min rai, zanar tamu aka kwasa aka yi wa kujerun baƙi rumfa da ita.

Kansila bai zo ba. Wai ya tafi taro. Washegari wai rasuwa aka yi masa. Kullum gobe. Na shimfiɗa buhuna a kan tankunan, shugaba ya zo ya janye, wai kada mutumin ya faɗo ba zato ya ga ƙazanta. Muka yi cacar baki har sai da aka riƙe ni.

Kifin ya fara koɗewa, baƙin nan ya koma toka-toka. Suka daina ci, abincin ya riƙa yawo a saman ruwa har ya ruɓe. Duk suka cure a jikin bango suna bin ɗan siririn inuwa, rana na juyawa suna juyawa. Sai cizo ya fara. Ka ɗago ɗaya ka ga gashin bakinta a gutsure, jiki duk rauni, manyan kuma na haɗiye ƙanana. Abokina ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Brother, abeg, dubi yadda suke turereniya. Kamar mu a ƙofar masaƙa ranar sallama.”

Da kansila ya zo a ƙarshe, abin da ya rage a tankunan ba abin nunawa ba ne. Shugaba ya aika kasuwa aka sayo ƙatuwar tarwaɗa aka saka a bahon roba. Honarabul ya zauna a inuwar zanarmu, ya yi jawabi, ya ɗaga kifin kasuwa aka ɗauki hoto, ya nemi sabulu ya wanke hannu, ya shiga mota. Wallahi ko leƙa tanki bai yi ba. Tallafi kuwa har yau shiru.

Kifin da ya tsira ya tsumbure, kai ƙato, jiki kamar tsinke. Masu gashi suka duba suka wuce. Ƙungiya ta watse. Abokina ya tattara matarsa da ’ya’yansa ya koma Binuwai. Ni na raka shi tasha, kuma ban sake sa shi a ido ba.

Abin da wannan ya koya min ke nan: duk mai rai yana da yanayin da yake so, ba ruwansa da wanda za a burge. Tun daga nan ban ƙara yarda an taɓa abin da nake ci da iyalina don idon baƙo ba, ko shi wane ne. Baƙo zai kalla ya tafi gidansa, yunwar kuma a gidanka za ta kwana.