Gurgun da Na Ɗauko Haya

Ba zan faɗi sunana ba, don ina da jikoki a Gaya kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Abin da nake so ku sani, ku matasa, ba a haife ni macuci ba. Babana falken gishiri ne, ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, zamanin Faransa, kuma har na fita babu wanda ya taɓa shiga gabana a aji. Ni da taubashina Hamidu, ɗan ƙanwar babana, muka samu sartifika shekara guda, ni a sama, shi can wajen wutsiya. Nakan tsokane shi in ce tausayinsa aka ji. Shi dai dariya yake yi.

Daga nan aka ɗauke mu muna taimaka wa manjo, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likitan garinmu. Muna wanke miki, muna dafa allura. Wata rana manjo ya ce wani likita Bature zai zo daga Yamai bayan damina, ya zaɓi mutum ɗaya a tura shi Dakar koyon aikin motsa gaɓoɓi, yadda ake mayar wa wanda ya karye ko wanda inna ta shanye tafiyarsa. Ya ce, "Likitan ga ba takarda yaka dubi ba. Kowa shi kama majinyaci guda shi yi ta aiki da shi, ran da ya zo shi gani da idonai." Ni a raina na riga na hau jirgi.

Hamidu ya ɗauki Baba Gado, wani masunci da dorina ta kife wa jirgi ya karye a cinya. An yi masa ɗori ƙashin ya kama, amma ya daɗe kwance har gwiwar ta sandare, ƙafar ta rame. Hamidu ya kafa gora biyu na tuƙa jirgi a bayan gidan likita, kullum da safe ya murza ƙafar da man kaɗe, ya lanƙwasa ta kaɗan, ya tsayar da tsohon tsakanin gorar. Aikin ba ya tafiya sam, kallonsa ma gajiya ne. Ni kuwa wata mata na samu mai sandararren hannu, na murɗa mata shi da ƙarfi don in yi sauri, ba ta sake dawowa ba.

Sannu a hankali Baba Gado ya fara dafa ƙasa da ƙafar. Ya koma kiran Hamidu "ɗana". Matarsa na aiko masa da kifi, mata a bakin kogi suna zancen albarkar hannun Hamidu. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da na shigo gida na tarar yana tausa wa innata baya, tana ta sa masa albarka, ni da ta haifa ba ta taɓa cewa in taɓa ta ba. Na ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Gaskiya na tsane shi a ranar, alhali bai yi mini komai ba.

Sai na haye kogi zuwa Malanbil, lokacin ba a gina gada ba. Na samu wani ɗan dako da ba a san fuskarsa a Gaya ba, muka shirya a kan babbar rigata ta sallah. Ranar kasuwa aka sauko da shi daga jirgi a kan tabarma, wai ya shekara bai taka ba. Na yi ta murza shi inda kowa zai gani. Da wata ya zagayo, na kama hannunsa a gaban jama'a na ce ya tashi, ya miƙe yana tangaɗin ƙarya, mata suka ɗauki guɗa.

Da yamma Hamidu ya ja ni gefe. Ya ce, "Taubashi, na duba tahin ƙahwar mutumen ga. Wanda ya shekara kwance ba ya da kaushi hakanga. Sallame shi tun likita bai zo ba, ni ba ni hwaɗa ma kowa." Na dube shi na ce, "Hassada kaka yi min." Ku ji fa, ni ne nake kiran wani mai hassada.

Likita ya zo. Ya matsa ƙwaurin ɗan dakon, ya juya tafin ƙafarsa, ya yi masa tambaya ta bakin tafinta, nan take mutumin ya tona komai. Shi kuwa Baba Gado ya ɗan taka tsakanin gorar nan yana rawar jiki, gumi na zuba, likita ya tsaya yana kallo ya daɗe. Aka zaɓi Hamidu, ni aka kore ni. Ranar da ya hau kamiyo, babbar motar da za ta tafi da shi, ina laɓe bayan rumfar mai goro ina kallo, ban yi masa sallama ba.

Da abin ya tsaya nan, da na ji kunyata na koma fataucin gishiri. Amma mutanen gari sun ga gurgu ya tashi da idonsu, ba su ga abin da ya faru a ɗakin likita ba. Sai magana ta bazu cewa Bature ya danne ni ne don hannuna ya fi nasa. Daɗin maganar nan shi ya kashe ni. Farar rigar aiki da ban mayar ba na saka, na cika kwalaben da na sato da man kaɗe gauraye da kananzir da barkono, na ce man Faransa ne. Ina bin kasuwanni, yau Tunuga, gobe hayin Dahomai, in na ji ƙishin-ƙishin ana nemana in faɗa ƙasar Ingilishi. Duk inda zan je sai na tura gurguna na haya ya riga ni. Kaji da awaki na karɓa ba adadi, amma ba su nake jira ba. Jira nake wani ya ce na fi Hamidu.

Ana nan sai ga matar Baba Gado. Ta ce lokacin kamun kifi ya matso, gida babu hatsi, tsohon yana tafiya da sanda amma gwiwar ba ta lanƙwasa yadda zai zauna a jirgi ba. Hamidu ya bar masa saƙon ya ci gaba da gorarsa, kada ya bari kowa ya tilasta ƙafar. Da na ji haka wani farin ciki ya kama ni. Abin da Hamidu ya kasa a watanni, ni zan gama shi kafin azahar, a kan majinyacinsa.

Na sa maza biyu suka danne shi, na kama ƙafar na tanƙwara da dukkan ƙarfina. Na ji ƙarar, kamar an karya kara. Na san ko mene ne. Tsohon ya suma, na ce wa matarsa ciwon ne ya fita, na ɗaure cinyar tamau da igiya na ce kada a kwance sai na dawo. Ban dawo ba. Kafin a kai shi Doso ƙafar ta yi baƙi, aka yanke ta daga sama.

A bakin kogi gardi, wato 'yan sandan Faransa, suka kama ni ina neman hayewa. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya yanke mini hukunci, aka kai ni gidan kaso a Doso, na yi shekaru ina fasa dutsen hanya. Ina can innata ta rasu, Hamidu ne ya zo hutu ya binne ta. Ko da aka gaya mini, kafin kuka ya zo, haushi ne ya fara zuwa, wai nan ma ya riga ni. A ranar na gane irin ciwon da ke jikina, na fara roƙon Allah ya cire mini shi.

Na fito bayan Faransa sun tafi. Hamidu yana Yamai, ana kai masa guragu daga ko'ina. Na tarar da Baba Gado a gindin bishiya yana ɗinke wa wasu taru, sandunansa a gefe. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yahe min." Bai ɗago ba. Ya ce, "Tambaya guda ni ka yi ma. Sa'ad da ka kama ƙahwata, ka san ba ka iya ba?" Na ce na sani. Ya ce, "To mi na yi ma?" Na ce, "Ba ka yi min komi ba, Baba. Da Hamidu nika." Ya ja zarensa ya ƙulla, sannan ya ce, "Ashe ma ba don ni anka yanke ta ba."

Ya yafe mini daga baya, amma bai sake shiga kogi ba har ya rasu. Ku da kuke neman gurbin karatu, in an zaɓi abokinku an bar ku, ku je ku yi masa murna ko da zuciya na tafasa, ku tambaye shi yadda ya yi. Ba na ce ba za ku ji zafi ba, ni da furfurata har yau in an yabi Hamidu sai na nemi tsari. Amma kada ku bi zafin nan inda yake jan ku. Ni na bi shi don in cuci taubashina, ga shi can da ƙafafunsa biyu, wanda ya rasa tasa bai ma san ana faɗan ba.