Ranar da Aka Durƙusa wa Mai Tsaron Gida

Ko tsufa ya kwashe min komai daga ka, har da sunayen jikokina da yanzu ma sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nema, ba na jin zai iya kwashe wasan ƙwallon da na shirya washegarin wata Babbar Sallah a unguwarmu ta Briqueterie, wadda mu muke ce wa Birik, a nan Yawunde. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ina da gashi a ka da haƙora a baki, ina gasa tsire a bakin titi. Lekol dai, wato makarantar boko, na taɓa shiga. Wata rana mushe, malamin ajinmu, ya ce in je in zo da mahaifina, ni kuwa na ga bai kamata in wahalar da dattijo ba, shi ya sa har yau ban koma ba.

Abin da ya dami dattawanmu a lokacin shi ne samari. Da an gama fiɗar raguna sai su zura wandunan nan masu faɗin ƙafa da ke share titi, su haura Mokolo da Messa inda ake sa faifai ana rawa. Wasu su dawo da kumburarren ido, wasu jandarma ya rako su. Sai dattawa suka taru a zauren mai unguwa suka ce a naɗa sarkin samari, aka kuwa zaɓe ni. Mai unguwa bai ɓoye dalili ba. Ya ce duk wani lungu da ake bi a sulale daga unguwar nan ni na fara buɗe shi, don haka ni na san inda za a toshe. Ya ɗora min wata jar dara sabuwa fil, ya ce, "Sharaɗi ɗaya ne. Washegarin Sallah kada saurayi ya haura Mokolo. Ka nemo musu abin da zai riƙe su a gida. In suka tafi, hular nan kan wanzami za ta koma."

Wanzamin nan tare muka taso, kuma tun muna yara duk abin da na samu sai ya ga shi ya fi dacewa da shi. Ni kuwa hular ta shiga raina. Da ita nake gashi, da ita nake cin tuwo. Mai ɗakina ta ce in na ƙara kwana da ita a ka za ta sa ta a miya, tunda ta riga ta sha ƙuli da yaji.

Da farko na yi niyyar kawo masu kalangu da 'yan dambe. Na tafi wurin wani ɗan tela, wanda samari ke jin maganarsa saboda duk unguwar babu mai ƙafarsa a ƙwallo, na shimfiɗa masa shirina. Bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba, ya ce, "Yaya, in ka kawo kalangu, kakata za ta zo ta yi rawa, ni kuma in tafi Mokolo." Na ce to me kuke so? Ya ce ƙwallo. Matsalar ita ce dattawa sun ɗauki ƙwallo a matsayin shashanci, ƙarti da gajeren wando suna bin fata a guje.

Na kwana ina juyi har dabara ta zo min, kuma na rantse a lokacin na ɗauka duk Kamaru babu mai kai irin nawa. Na ce a buga samari da magidanta. Dattijo ba zai hana abin da yake ciki ba, saurayi kuma ba zai bar unguwa ba ranar da zai ga kawunsa ya sha ƙasa. Na je majalisar dattawa na ce yara na cewa ƙafafunku sun zama na ado. Na koma wurin samari na ce dattawa sun ce ko da carbi a hannu za su lallasa ku. Babu wanda ya faɗi ko ɗaya daga ciki, amma kafin la'asar kowane ɓangare ya rantse da kunnensa ya ji.

Filin da muka samu na bayan unguwa ne, jar laka irin wadda ake yin bulo da ita a da, kuma a karkace yake kamar kowane fili a Yawunde, da rafi a gindinsa. Ga shi an yi ruwa ranar Sallah. Muka kafa gora a matsayin raga, na aro usur a wurin mai gadin kasuwa, na naɗa kaina alƙalin wasa. Unguwa ta fito kaf, har 'yan unguwar Nkomkana suka tsallako kallo. 'Yan mata suka jeru a tudu da ƙunshinsu da sababbin atamfofi. Da na ga haka na gyara zaman hulata, na kalli wanzami na ɗaga masa gira.

Magidanta suka shigo da manyan riguna an naɗe a kafaɗa. Mai tsaron gidansu wani Alhaji ne mai sayar da goro, mutum mai jiki da kwarjini, wanda ya zo da kujerarsa da lema ya zauna a tsakiyar raga. Abin da ban yi la'akari da shi ba, 'yarsa ce ɗan telan nan yake nema, kuma magana ba ta riga ta tsaya ba.

Na busa usur. Ƙanin liman ya karɓi ƙwallo ya kama tafiya da ita a hankali, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Wani saurayi ya taho a guje zai tare shi, da ya zo dab sai ya ci birki, ya mai da hannuwa baya, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Kawu," ya kauce masa. Na gaba ma ya kauce. Mai tsaron gidan samari ya ga yayan mahaifiyarsa ne ke tahowa, sai ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Ƙwallo ta gangara ta wuce shi tana rangaji.

Can wani yaro ya yi kuskure ya ƙwace ƙwallo a ƙafar mahaifinsa. Uban ya tsaya cak, ya riƙe ƙugu. "Ni za ka fizge wa abu a gaban jama'a? Da kuɗina aka yi maka kaciya." Yaron ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon da hannu biyu ya miƙa masa. Na busa usur na ce an taɓa da hannu. Dattijon ya juyo ya ce, "Kai mai tsire, tsakanina da ɗana ne." Na mai da usur aljihu.

Sai ɗan tela ya samu ƙwallo. Ya yanke wannan ba tare da ya taɓa shi ba, ya zagaye wancan yana ba shi haƙuri, har ya isa gaban raga, shi kaɗai da Alhaji mai goro. 'Yan mata suka miƙe tsaye. Ni ma na buɗe baki. Yaron nan ya taka ƙwallo, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a cikin laka.

"Baba, barka da Sallah. An yi Sallah lafiya?"

Alhaji ya gyara lema ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ya mutanen gida? Ya jikin mahaifiyar taka? Ɗinkin Sallah dai an samu an sallami mutane?" Sai da ya tambayi kowa a gidansu, har da akuyar da ta haihu, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwallon ya sa a hammata, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Tashi ka koma."

Kafin a jima 'yan lekol suna ta kiran ci da Faransanci suna shewa, duk na magidanta ne. Abin da ya fi muni, 'yan matan da ke tudu samari suke yi wa dariya, ba dattawa ba. Saurayi zai jure yunwa, zai jure duka, amma ban da wannan. Na hango masu kallo daga cikinsu suna zamewa da ɗai-ɗai, suna kakkaɓe wando, suna kama hanyar da ta haura Mokolo. Wanzami ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Sarki, na ga kana gumi. Ko hular ta matse ka ne? Kada ka damu, in ta yi min yawa zan cusa tsumma a ciki."

Ina cikin tunanin yadda zan gaya wa mai ɗakina sarauta ta ƙare, sai wani tsoho Babarbare mai sayar da huluna ya kwaso ƙwallo yana haki. Akwai wani saurayi Bafillace da bai daɗe da zuwa daga Garwa ba, yana aikin rako shanu mahauta. Kawai yaron nan ya kwanta ya share ƙafafun tsohon. Tsoho ya yi sama, ya dawo ƙasa tim. 'Yan kallo suka ɗau salati. Na ce shi ke nan, ban da hula har unguwar zan bari. Bafillacen ya tsaya a kansa ya ce, "Tashi, bawana. Wa ya ba ka izinin taɓa ƙwallon ubangidanka?"

Tsohon ya ɗago, gemunsa ya rine ja, yana dariya har da tari. "Ɗan nono, yaushe ka fito daga daji har ka san ƙwallo? Tsaya in kama ka in sayar." Ya tattare riga ya bi shi a guje, jama'a suka fashe.

A nan kaina ya buɗe. Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kakanni, kuma wasan nan ba ya tambayar shekaru. Haka Kanawa da Zazzagawa, waɗanda su ne rabin unguwarmu. Na busa usur kamar zan tsaga shi, na ce an soke samari da magidanta. Kanawa da Barebari su koma gangare, Zazzagawa da Fulani su hau tudu, kowa ya nemi abokin wasansa. Da yake asali ta wajen uba ake bi, kowane ɗa ya faɗa gefe ɗaya da mahaifinsa, babu sauran mai fizge wa ubansa abu.

Sai ga yaran da aka haifa a Birik, waɗanda ba su taɓa ganin ko hoton Kano ba, sun ruga bakin fili suna tambaya, "Inna, mu 'yan ina ne?" Wata tsohuwa ta ce wa jikanta, "Bazazzagi ne kai, sakarai. Je ka kayar min da mai gishirin can, tun bara nake jin haushinsa."

Abin da ya biyo baya ban san ko sunansa ƙwallo ba. Dattawa suka jefar da manyan riguna. Ƙanin liman ya ba wani carbinsa ajiya ya rungumi wani saurayi suka gangara tare. Waɗanda suka kama hanyar Mokolo suka jiyo ihu, suka juyo a guje da wandunansu masu share titi, suka faɗa fili ba tare da sun tambayi alƙali ba. Akwai lokacin da ƙwallon ta faɗa rafi, aka daɗe ana wasa babu wanda ya lura.

Da aka tsamo ta, ta sake zuwa ƙafar ɗan tela, wanda ya tashi Bazazzagi, Alhaji kuwa Bakano ne na asali. Ya isa gaban raga ya taka ƙwallo. Alhaji ya miƙe daga kujera ya ware hannuwa. "Bazazzagi, ka dawo gaida ubangidanka? Tuɓe takalman mana."

Ɗan tela ya ce, "Baba, gobe zan zo zaure in durƙusa har gwiwata ta yi kanta. Yau Bakano nake gani." Ya ɗirka mata ƙafa. Ƙwallo ta ɗauke lema, Alhaji ya ja da baya ya zauna inda yake zaton kujera take, ba ta nan. Daga ƙasa yake cewa bai shirya ba, a sake. Daga baya dai ya ba shi 'yar, ya ce gara ya ajiye Bazazzagin kusa inda zai riƙa ramawa kullum.

Wannan cin ne ya jawo min. Kanawa suka ce lema ta tare, ba ci ba ne. Zazzagawa suka ce lema ba ta cikin 'yan wasa. Duka suka yo kaina. Wani ya ce, "Tsaya tukuna, shi alƙalin ɗan ina ne?" Ina shirin cewa ni ɗan Kamaru ne, sai na ji murya daga tudu, muryar da na sani sarai, ta mai ɗakina: "Ubansa Bakano, uwarsa Bazazzagiya."

Ranar ce kaɗai na ga Kano da Zazzau sun haɗa kai. Waɗannan suka kama hannuwa, waɗancan ƙafafu, suka lilo ni suka saki a tabon bakin rafi. Jar dara ta tashi ta faɗa ruwa. Ina ƙoƙarin cire laka daga hanci na hango wanzami ya tsamo ta da sanda, yana matse ta, yana murmushi.

Mai unguwa ya gangaro a hankali. Ya ɗaga kai ya dubi hanyar Mokolo, babu kowa sai wata akuya. Ya dubi fili, ga samarin Birik kaf, jajaye daga kai har ƙafa, ba ka bambanta ɗa da uba. Ya karɓi hular daga hannun wanzami ya kifa min ita a jiƙe, ruwa na bin kunnuwana, ya ce, "Ta zauna." Ya juya ga wanzami ya ce, "Kai kuma je ka wasa askarka. Gemun dattawan nan ba zai wanku ba, sai dai aski."

Magaribar ranar liman ya daɗe yana jiran mamu, don kowa na layin buta.

Na yi shekaru ina shirya wa samari wasanni bayan wannan, kuma abin da tabon rafin nan ya koya min bai taɓa ba ni kunya ba. Yaranmu suna da ladabi, har ya yi musu yawa, kuma ba rawar Mokolo kaɗai ke jan su ba. Wurin da za su miƙe tsaye suke nema, don a gida kullum a durƙushe suke. In za ka tara matasa, kada ka sa su inda kowane taku sai sun tuɓe takalmi. Ka nemo musu inda za su ture babba ya tashi yana dariya, gobe kuma su je zaure su gaishe shi. Sannan in kai ne alƙali, ka tabbata matarka ba ta cikin 'yan kallo.