Dashen Kamfani a Filin Aro

Awaki sittin gare ni a lokacin, da fili ɗaya tak da nake ɗaure su a bayan Abakpa Nike, kuma filin ba nawa ba ne. Wani dattijon Ibo ne ya ara mini da baki, bisa sharaɗi biyu: kada in sa siminti, kada in dasa itace. A wajensu, wanda ya dasa itace a ƙasa ya fara cewa tasa ce. Ban yi mamaki ba, mu ma a gida ba a dasa mangwaro a gonar aro.

Sai ga mutanen wani kamfanin lemo da farar mota da huluna iri ɗaya. Sun ce sun zo farfaɗo da ƙasa, kuma an gaya musu masu dabbobi ne ke cinye daji, don haka da hannunmu suke so a dasa itatuwa. Shugabanmu na unguwa ya karɓi hularsa, ya nuna musu filina, tunda nan ne kaɗai babu rumfa.

Na ja shugabarsu gefe, wata matashiya mai fara'a.

"Madam, filin nan da mai shi. Ku tambaye shi tukuna."

"Alhaji, itace ai na duniya ne baki ɗaya," in ji ta.

"Duniya ba ta da fili a Abakpa, Madam."

Ta yi dariya, ta ce in riƙe dashen in kalli kyamara. Aka dasa ashirin, aka tafa, suka tafi.

Da safe dattijon ya iso da 'ya'yansa. Bai amsa gaisuwata ba.

"Aboki, ka fara dasa wa jikokinka ke nan? Kwashe awakinka."

Ban yi musu ba. Da yamma na ja bunsuru mafi ƙiba, na haɗa da goro, na same shi a gida.

"Papa, idan hannuna ne laifin, a canja hannu. Ka tumɓuke su, ka mayar da su da hannunka a gaban shaidu."

Ya dubi bunsurun ya fi yadda ya dube ni, sannan ya ce to.

Ranar da yake aikin, yana ciro kowane dashe yana mayarwa cikin raminsa, sai ga farar motar ta dawo duba aiki. Madam ta ga tsoho da zane a kafaɗa yana dashe, ta kusa yin kuka don murna. Ta ce ga shi 'yan asalin ƙasa sun rungumi shirin da kansu. Aka sa masa hula, aka ɗauki hoto, aka ƙirga wasu ashirin sababbi. Aka kuma kawo waya aka kewaye itatuwan don kada awaki su ci, wayar ta haɗiye rabin filin.

Kamfani ya tashi da itace arba'in a bakinsa, ashirin a ƙasa. Dattijo ya samu itatuwa da shinge da bunsuru. Ni na tsira da rabin fili, na sayar da awaki ashirin da ba su da wurin kwana, sauran kuma har yau suna nan.