Madubin Keke a Shagon Nasiba

Duk wanda ya san Sintali ya san shagon Nasiba mai taifin, in ma bai san shagon ba ya san ƙarar da ke kewaye da shi. Dama da ita injin markaɗen Peter ne, hagu kuma mai walda. A tsakanin waɗannan biyun Allah ya ajiye abincinta, ita da wata tsohuwar kwamfutar tebur da ta saya a gwanjo.

Marainiya ce. Goggo Ruwaida, yayar mahaifinta, ita ta riƙe ta a Nukkai, da tallan nono da man shanu ta kai ta makarantar koyon kwamfuta. Yanzu ɗaliban jami'a ke kawo wa Nasiba hirarrakin da suka naɗa a ƙauyuka, da Hausa ko Fulatanci, ta saurara ta buga musu. To amma ina za a ji muryar tsoho marar haƙori alhali Peter na niƙa masara? Sai ta yi ta maimaita jimla ɗaya har kanta ya ɗauki zafi.

Rannan ƙanenta Suhail ya aiko mata da hedifon marar waya, irin mai haɗiye hayaniya. Murna ta koma ciki, domin kwamfutar ta ce atafau ba ta san shi ba, ba ta da bulutut. Nasiba kuwa ba kanwar lasa ba ce. Ta sayo ɗan abin da ake sokawa a bayan kwamfuta, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta sabunta manhajar da kanta, ta kashe ta kunna har sunan hedifon ya fito a allo. Tana danna maɓallin, injin Peter ya koma kamar a hayin kogi yake. Wayyo daɗi! Aikin da ke cinye mata mako ya koma na yini biyu.

Sai dai shagon tsukuku ne, teburin ba shi da mazauni sai jikin bangon ƙurya, bayanta ke kallon ƙofa. Mutum ya zo ya yi sallama, shiru. Nan da nan magana ta zaga layi, wai Nasiba ta sami duniya, gaisuwa ma ta fi ƙarfin amsawa. Mutanenmu ke nan, ba sa tambaya, sai yanke hukunci.

Wata ranar Laraba Nasiba ta cire hedifon za ta yi alwala, sai ta ga ƙwaryar nono a bakin ƙofa, rana ta gama dukanta. Faifan da aka rufe ta da shi ta kalla. Saƙar Goggo ce.

"Ta daɗe fa a tsaye," in ji Peter. "Ta yi sallama, ta sake, ta sake. Na ce bari in taɓo ki, ta ce a'a, a bar mai aiki da aikinta."

Nasiba ta rufe shago ta nufi Nukkai, hawaye na zuba. Da Goggo ta yi faɗa ma da sauƙi. Ina! Bafulatana ce ta gaske, sai ta shimfiɗa mata tabarma kamar baƙuwa.

"Goggo, wallahi ban ji ki ba. Ga abin nan, ki sa ki ji."

"Ɗankwalina ya ishe ni," Goggo ta ce. "Ba komai. Wanda ya yi sallama ba a amsa ba ai ya san matsayinsa. Ƙafata dai ta huta."

Abin ya tsaya wa Nasiba a rai. In ta ajiye hedifon aiki ya gagara, in ta sa shi kuma ta rasa matar da ta goya ta. A hanyar komawa tana cikin keke, ta lura direban na kallon motocin bayansa ba tare da ya waiwaya ba. Ba ta zame ko'ina ba sai wurin masu gyaran keke, ta sayi tsohon madubi mai tsaga a gefe, mai walda ya ɗaure mata shi a saman allon kwamfuta.

Daga ranar labari ya sha bamban. Kafin mutum ya buɗe baki ta zare hedifon ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Imrana, ya gida?" Masu cewa ta yi girman kai su ne suka koma cewa ido gare ta a ƙeya. Amma wadda aka sa madubin dominta shiru, har damina ta wuce.

Wata safiya ana bikin suna a unguwar Sarkin Dawaki, Nasiba na cikin bugu sai ta hango gefen wani zane shuɗi a madubi, mai shi ta raɓe jikin ƙofa ba ta ce uffan ba. Ko a cikin dubu ta san zanen nan. Ta yi wuf ta miƙe, ta durƙusa.

"Goggo, jaɓɓama! Sannu da hanya!"

"Ke, ban fa yi sallama ba tukuna. Wucewa ma nake yi."

"To ki wuce ta ciki, Goggo."

Tsohuwa ta shigo tana harare-harare, ta dubi madubin, aka gaya mata don wa aka sa shi. Ta gyara ɗankwali ta ce a ɗora mata hedifon. Nasiba ta ɗora, ta kunna mata hirar wani makiyayi da Fulatanci. Goggo ta lumshe ido tana gyaɗa kai.

Nasiba ta lallaɓa ta koma bakin ƙofa, ta ɗaga murya ta rangaɗa sallama. Ta sake, ta sake, har Peter ya kashe inji ya leƙo yana dariya. Goggo ko gezau. Sai da ta buɗe ido ta hango su a madubi, bakin Nasiba na motsi, sannan ta fizge hedifon tana salati.

"Ashe da gaske ba ki ji ni ba, 'yar nan!"

"Na yi sallama ba a amsa ba, Goggo. In tafi?"

"Wa alaikumus salam, ja'ira," Goggo ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Shigo ki zauna. Ranar Laraba ki ajiye min kwano, da nono zan zo."