Sandar Shugabar Guruf

A bencin jiran likitan ƙashi, wata dattijuwa tana zaune kusa da ni. Bayanta ya ranƙwafa, amma ɗaurin ɗankwalinta a miƙe yake ƙyam. Ta kara waya a baki tana aika saƙon murya.

"'Yan'uwa masu raunin ƙashi, barkanmu da war haka. Na sha gaya muku, sanda ba abin kunya ba ce. Wadda ta bar tata a gida ta faɗi ta karye, kada ta zo guruf tana mana kuka."

Daga jin muryar ka san ita ce shugaba. Ina jin a gida babu mai sauraronta haka. A wayar kuwa, kafin ta sauke hannu amsoshi sun fara shigowa.

Sai ta miƙo min wayar. "Ɗan nan, ɗauke ni hoto in tura musu, su ga na zo asibiti."

Na tashi zan ɗauka, ta ce in dakata. A hankali ta sa ƙafa ta tura sandarta ƙarƙashin benci, ta gyara mayafi, ta yi murmushi.

"To, yanzu ɗauka."