Jar Shinkafar da Ta Iso Gidana Fara

Shekarun baya, tun gemuna bai gama fari ba, ciwon sukari ya kama mai ɗakina. Mace ce da ba ta san kwanciyar rana ba, amma sai ga ta tana ramewa a tsaye, ƙishirwa ba ta barinta, kuma wani ɗan miki da ƙaya ta yi mata a tafin ƙafa ya ƙi warkewa. Muka je asibiti, aka ɗora ta a kan magani, aka kuma faɗa mata abincin da za ta rage. Da likita ya zo kan farar shinkafa, sai na ga idonta ya ciko. 'Yar fadama ce, da shinkafa aka yaye ta, kuma a lokacin ita kaɗai ce abincin da ke shiga bakinta.

Likitan ya lura. Ya tambaye ni ko har yanzu ana samun jar shinkafa irin ta iyayenmu. Ya ce jar fatar nan da ke manne da ƙwayar bayan an cire buntu, a cikinta alherin yake: abubuwan da suka ba ta launin suna taimakon jiki, kuma saboda fatar ne ba ta saurin narkewa ta tayar da sukari kamar fara.

"Baba, ba magani ba ce, kada a daina shan magani," in ji shi. "Amma in dai sai ta ci shinkafa, to ta ci wannan, kaɗan, da ganye."

Ni da na daɗe ina alfahari cewa fara tas ake dafawa a gidana, sai ga ni da babbar riga ina bin kasuwanni ina cigiyar abincin da muka raina. Na duba Kazaure, na ci kasuwar Gwiwa, na dangana da Babura. Wani mai awo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, wa zai ɓata damina a kan abin da ba ya cika buhu?"

Sai na tuna abokina na wajen Roni, Bafillace da ya zauna ya kama noma. Yana da 'yar fadama inda yake shuka irin da mahaifiyarsa ta bari. Ni kuwa asalinmu Barebari ne, don haka tun muna samari ba ma haɗuwa ba tare da tsiya ba. Na hau mashin na tafi.

"Yau bawa ya tuna da ubangidansa?" in ji shi, da ya ji abin da ya kawo ni. "Babarbare, me ya kore ka daga birni har kake roƙon abincin talakawa?"

"Bawana, ka fara ba ni ruwa tukuna," na ce. Da na sha, sai na gaya masa cewa Hajiya ce ba lafiya, kuma jar shinkafa aka ce ta riƙa ci.

Wasa ya ɗauke daga fuskarsa. "Ita za ta ci?"

"Ita."

"Koma gida. Abin da ke rumbun nan duka nata ne, iri kawai zan ware. Da kaina zan kawo."

Kwanakin da muka yi muna jira, Hajiya ta ɗan farfaɗo. Tana kwance tana ba ni labarin yadda mahaifiyarta ke dafa ta da man shanu, da ƙamshinta da ke kaiwa har zaure.

Da abokina ya iso, ya sauke buhu a tsakar gida, ya kwance bakinsa, ya cusa hannu ya ɗebo. Fara sol, kamar audugar da aka gurza.

"Ka gani?" Yana murmushi. "Na tsaya a kan mai inji, na sa ya maimaita ta har sai da jan ya fita sarai. Ai ba a kai wa mara lafiya abu mai kaushi, balle matarka."

Na ce, "Dusar fa?"

"Ragona ya sami rabonsa."

Kafin in ce uffan, sai muryar Hajiya ta fito daga ɗaki tana sa masa albarka, tana yi wa iyalinsa addu'a ɗaya bayan ɗaya. Bayan ya tafi ta kira ni.

"Alhaji, kada ka kuskura ka faɗa masa. Mutum ya kwashe rumbunsa saboda ni." Sai ta yi 'yar dariya. "To, rago ya cinye rabona. Ka roƙo iri, mu jira damina."

Na roƙo, ya raba irin biyu ya ba ni rabi. Da ruwa ya sauka na ari gefen fadama na shuka. Amma mikin bai jira kaka ba. Ya ci tafin ƙafar, ya haura, har likitoci suka ce ba makawa sai an yanke. Aka yanke. Kullum na dawo daga gona sai ta tambaye ni, "Shinkafar ta yi ciki?" Ranar da na zo mata da zangarniyar farko, ɗanya, ta riƙe ta a hannu tana shinshinawa. Ba ta kai girbi ba. Allah Ya jiƙanta.

Ba na cewa da ta ci jar shinkafa da ta rayu. Ajali ba ya duba tukunya, kuma likitan ma bai yi mini wannan alkawari ba. Abin da na sani shi ne ta yi marmarin abu guda a ƙarshen rayuwarta, ya zo har tsakar gidanta, an kankare masa amfaninsa saboda girmamawa.

Ranar sadakar uku abokina ya zo, yana jan rago da igiya. Ƙato, gashinsa na sheƙi.

"Na yi kiwonsa ne don mu yanka ranar da ta miƙe," in ji shi. Bai kira ni bawa ba a ranar. "A yi mata sadaka da shi."

Na karɓi igiyar, na yi godiya, na kau da kai.

Na riƙe amanar Hajiya har shi ma ya koma ga Mahaliccinsa, shi ya sa yau nake iya buɗe baki. Tun daga lokacin na fahimci cewa mun kai matsayin da muke ganin launin abincinmu a matsayin abin kunya, har mai ƙaunarka ya kankare shi don ya fita kunyarka.

Har yanzu ina shuka irin. A turmi ake surfa mini, sama-sama, ba na yarda ta je inji. Jikokina suna leƙa kwanona su ce, "Kaka, shinkafarka ba ta wanku ba." Sai in ce su zauna su ci. Rabon kakarsu ne.