Mai Gadin Daji Daga Sama

Ina da wani sirri, amma sai kin rantse ba za ki kai shi zumuntar mata ba. Tsaya tukuna, ki fara ganin mutumin.

Ga shi can zaune a tashar motar Kagoma a nan Kafanchan, da riga mai aljihu kusan arba'in, da takalmin shiga daji wanda ko kashin kaza bai taɓa takawa ba. Kwamfuta na kan cinyarsa, yana shafa ta kamar jinjiri. Tun ɗazu yake cika wa direbobi baki, wai ya koya mata karanta hotunan da ake ɗaukowa daga sama. Ko reshe aka sare a Kudancin Kaduna, sai ta shafa wa wurin ja. Ni dai daga ganinsa, ɗan ƙauye ne da boko ya wanke.

To, ga sirrin. Ya ja gefe da waya, ni kuma na matsa kamar ina gyara ɗaurin kayana.

"Mama, jan nan duk bayan gidanmu ne fa! Ran Litinin oga zai gani, aikina zai tafi. Ki bar sare bishiyoyin nan... A'a, Mama, kwamfutar ba ta cin hanci. Ko doya ba ta karɓa!"

Dariya ta kuɓuce mini. Ya juyo ya dube ni, ya dubi buhunan gawayina uku, sannan ya buɗe kwamfutar a hankali.

"Sannu, Anti mai kunne. Wane ƙauye ne naki?"